Yadda Na Je Sudan Neman Takardar Dakwara

Kwanana huɗu a Injamena na gane cewa ba wanda ya san Gashuwa a duniya sai mutanen Gashuwa. Duk wanda ya tambaye ni daga ina, in na ce Gashuwa, sai ya ce, "Kano?" In ce a'a, wajen Nguru. Ya ce, "To, Kano." Daga baya na haƙura na zama Bakano.

Abin da ya raba ni da gida kuwa bishiya ce. Sunana Sale, sana'ata sara. Tun ina saurayi ni ake kira in darbejiya ta sunkuyo kan ɗaki, ko reshe ya hau wayar lantarki, ko ana son a rage wa tsamiya kai. Daga Gashuwa har Nguru an san gatarina. A tsakiyar shekarun casa'in ƙaro ya yi tsada, kowa ya waiwayi dakwara, bishiyar nan mai ƙaya kamar ƙugiya da ke fitar da shi. Alhaji Garba, wani attajiri da mahaifinsa ya zo daga Haɗejiya, yana da babbar gonar dakwara a hanyar Katuzu, ya ɗauke ni in riƙa tsaga masa su. Na yi aikin da zuciya ɗaya. Duk bishiyar da na tarar sai in ba ta gatari a gindi, in ƙara mata a ciki, don a ganina in ta ji zafi sosai za ta yi hawaye sosai. Shekarar farko ƙaro ya zuba. Shekara ta biyu bishiyoyi suka fara bushewa layi-layi. 'Yan majalisar bakin kasuwa suka sa mini suna Ajalin Dakwara.

Wani ma'aikacin gandun daji ya zagaya gonar tare da Alhaji yana ta girgiza kai, ya ce a nemo ƙwararre mai takardar shaida. Alhaji ya rantse ba mai sake taɓa masa bishiya sai ya ga takarda da hatimi. Aka ce a Sudan ake koyon wannan aiki, a wani gari wai shi Al'ubayyid. Ni kuwa a gaban jama'a, har da surukina a wurin, na bugi ƙirji na ce ni zan je in kawo takardar. Da na koma gida matata Yagana ta tambaye ni ko na san inda Sudan ɗin take. Na nuna gabas. Ta ce, "To, alƙibla ma can take. Allah ya kai ka."

A Injamena dole na tsaya jiran a buga mini izinin shiga Sudan a fasfo. Kullum da safe in je in zauna a inuwa kusa da ofishin, a ce gobe. A nan Mushe Idrisa ya same ni. Da na ji ana ce masa Mushe na ɗauka zagi ne, ashe a ƙasar masu Faransanci girmamawa ce. Mutum ne mai tsabta, da kwat da jaka da tabarau, Hausarsa kamar ta mutanen Damagaram. Ya ja ni teburin mai shayi.

"Ɗan'uwa, me za ka yi a Sudan?"

Na kwashe labarin duka na faɗa masa, har da sunan da aka sa mini.

Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi. "Saboda takarda za ka ratsa Darfur? Ai makarantar nan tana da reshe a nan Injamena. Ni ne wakilinsu."

"Reshe?"

"Reshe mana. Kai da ka san bishiya, ka taɓa ganin wadda ba ta da reshe?"

Na ga maganar ta yi ma'ana. Nan take ya yi mini jarrabawa, a kan bencin mai shayi. Ya ce da me bishiya ke shan ruwa? Na ce da saiwa. Ya ce madalla. Ya ce me ke kashe bishiya? Na yi shiru, don na san amsar tana zaune a gabansa tana shan shayi. Ya ce wannan shirun ma amsa ne, shirun masu ilimi. Ya karɓi hotona ɗaya da wani abu mai kauri daga guzurina, ya ce in dawo gobe.

Wallahi ya dawo. Wannan ne ma ya sa na ƙara yarda da shi. Ya miƙo mini takarda mai kauri, gefenta da ado shuɗi, hatimi biyu, rubutun Faransanci reras, ga hotona a manne a sama ina zare ido. Na riƙe ta da hannu biyu. Na so in juya gida a ranar, sai ga izinin nan ya fito shi ma. Na yi tunani, in na koma bayan kwana goma 'yan majalisa za su ce ko Gamboru ta bakin iyaka ban wuce ba. Na ce bari in leƙa Sudan ɗin ko na kwana biyu ne, in sayo wa Yagana turare don shaida.

Motar Abeshe, garin da ke kan hanyar iyakar Sudan, babbar mota ce ta ɗaukar kaya, mu kuma muna saman buhunan sukari tare da awaki uku. Ƙarshen damina ne, hanya duk taɓo. Rabin tafiyar motar ce ta ɗauke mu, rabi mu muka ɗauke ta. Kusa da ni akwai wani Bashuwa mai fataucin atamfa, Jidda, yana jin Hausa, shi ya zama bakina da kunnena.

A kwana na uku da hantsi muka iso wani shingen jandarma. Aka ce kowa ya sauko da takardunsa. Ni don son a sani sai na ɗora sabuwar takardata a kan fasfo. Shugabansu, wani dogo mai gashin baki, ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya sake karantawa. Sai ya miƙe tsaye ya ba ni kujerarsa. Ya sa aka kawo mini shayi. Na harɗe ƙafa na waiwaya ina kallon sauran fasinjoji a rana. A raina na ce, ashe haka ilimi yake.

Ya yi magana mai tsawo da Larabcinsu, yana riƙe da hannuna. Jidda ya matso.

"Ya ce Allah ne ya kawo ka. Matarsa ta shiga wata na tara, ƙafafunta sun kumbura, asibiti kuma da nisa. Gidan yana nan bayan shingen."

"Allah ya sauke ta lafiya. To ni mene ne nawa a ciki?"

Jidda ya tambaya. Aka ba shi amsa.

"Ya ce takardarka ta ce kai ungozoma ne. Ka gama da daraja ta ɗaya." Ya haɗiye dariya. "Ya ce shi dai bai taɓa ganin namiji ba, amma ya ji labari Najeriya ta ci gaba."

Na dire kofin shayin. Mutumin nan har ya fara jana zuwa gidan. Na tirje, na ce wa Jidda ya faɗa masa gaskiya, ni gatari na sani, ko akuya ban taɓa karɓar haihuwarta ba. Jandarman ya sa farce ya ɗaga hotona. A ƙarƙashi ga hoton wata baiwar Allah da ɗankwali tana murmushi. Na ce shi ke nan, yau a ɗaure zan kwana. Ya dubi hoton, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har ya dafa bango. Ya kira yaransa suka zo suka taya shi. Ya riƙe takardar, ya karɓe kujerarsa, ya bar mini shayin.

Cikin ikon Allah akwai wata tsohuwa a motarmu da ta san harkar. Ita ta sauka ta je ta duba matar, muka jira ta kusan awa guda ba wanda ya yi gunaguni. Amma daga nan har iyaka ba wanda ya sake kirana Sale. Da akuya ta yi kuka sai wani ya ce, "Ungozoma, duba ta mana."

Ni ban yi dariya ba. Na zauna a kan buhu ina kallon hanyar da muka baro, ina lissafin fuskokin da zan tarar in na koma hannu wofi: Alhaji, surukina, 'yan majalisa. A ranar ne tafiyar ta zama ta gaske.

Muka wuce Abeshe, muka tsallaka iyaka zuwa Junaina, daga nan wata motar ta kai ni Nyala. A Nyala ciki ya juya mini. Mutanen nan wake suke ci da safe, wani babban wake da suke dafawa ya yi luguf su zuba masa mai, da rana ma shi, kuma kowa ya gan ka sai ya ce bismilla. Kirki gare su har ya yi yawa, ba dama ka ce ka ƙoshi. Na kwanta a rumfar tashar jirgin ƙasa ina jiran jirgin da ba wanda ya san ranar zuwansa, zazzaɓi yana kaɗa ni. Ba abin da nake gani in na rufe ido sai bandar kifin Dagona ta wajen garinmu a cikin miyar kuka, da Yagana tana fifita wuta tana yi mini faɗa. Faɗan ma kewarsa nake.

Ina cikin wannan hali da la'asar sai na ji wata murya a bayana: "Tafi can, 'yar banza mai idon kwaɗayi!"

Na zabura. Wata tsohuwa ce mai sayar da gyaɗa take korar kaza. Sati uku ban ji an zagi kowa da Hausa ba. Na rarrafa na je gabanta na ce, "Inna, sannu da rana." Kafin ta amsa hawaye ya zubo mini, ni mai 'ya'ya huɗu.

Sunanta Hajja Hawwa. Iyayenta daga ƙasar Haɗejiya suka taso a ƙafa za su Makka, aka haife ta a hanya, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Ba ta taɓa ganin ƙasar iyayenta ba. Da na ce mata kogin da ya ratsa Haɗejiya shi ne ya biyo ta bayan garinmu, sai ta tattara gyaɗarta ta ce in taso. Kwana shida na yi a zauren gidanta. Ta jiƙa mini wasu saiwoyi masu ɗaci, ta tuƙa mini tuwon dawa da miyar kuka ta gaske. Ladan da take karɓa labari ne.

"Ɗana, babana ya ce kifin kogin nan yakan kai tsawon mutum. Gaskiya ne, ko irin zancen maza ne?"

Na dubi fuskarta. Na ce, "Inna, ai rage miki ya yi."

Ta yi ta dariya tana share ido da gefen mayafi. Ranar da jirgi ya zo ta ɗaure mini gyaɗa da dabino a tsumma, ta ce tana da ƙane a Al'ubayyid, Abdalla, lebura ne a gandun dajin da nake nema. "Ka ce masa ni na aiko ka. In ya yi maka gardama ka ce na ce har yanzu ni ce babba."

Jirgin nan ban taɓa ganin mai haƙurinsa ba. Ciki ya cika, muka hau rufi. In lokacin salla ya yi mutum kan sauka ya yi taimama ya yi raka'a biyu, ya ɗan sa sauri ya same shi a gaba kaɗan. Jirginmu na Nguru da muke zagi, a ranar na nemi gafararsa.

Gandun yana wajen gari, dakwara iya ganinka, a jere kamar sojoji. Na tsaya na sake baki. Bishiyoyin da suka girmi na Alhaji nesa ba kusa ba, ana tsaga su shekara da shekaru, ga su nan kore shar. Na sami Baba Abdalla, ɗan siririn tsoho mai Hausa gauraye da Larabci. Da na isar da saƙon yayarsa ya yi tsaki ya ce, "Har yanzu ba ta daina ba?" Ya ɗauki jakata.

Ya kai ni wurin shugabar horaswa. Na shirya gaisuwar da zan yi wa babban mutum mai rawani, sai na tarar da mace, sanye da farar lafaya irin ta matan Barno, ana ce mata Doktora Amna. Ta ce an riga an fara karatun bana, kuma ba a ɗaukar mutum haka kawai daga sama. Na ba ta wasiƙar da Alhaji ya haɗo ni da ita. Ta juya ta sama da ƙasa, Hausa ce da boko, ta mayar mini. Baba Abdalla ya yi ta magiya yana nuna ƙafafuna, yana ambaton Najeriya da Chadi da Nyala. Daga ƙarshe ta ce to, a je a ga abin da na iya.

Muka tsaya gaban wata kyakkyawar dakwara. Na buɗe buhu na zaro gatarina, na tofa yawu a tafi, na auna gindin.

"La! La! La!" Doktora ce ke ihun a'a da Larabci.

Ban san mace mai lafaya tana iya gudu haka ba. Ta fizge gatarin ta riƙe shi nesa da jikinta kamar ta kama maciji. Ta yi magana da sauri. Baba Abdalla ya ce, "Tana tambaya, bishiya nawa ka yi wa haka?"

Na faɗi gaskiya, na ce ban ƙirga ba, amma gona guda ce.

Sannan ta faɗi wata magana gajera ta juya. Baba ya ce, "Ta ɗauke ka. Ta ce barinka ka koma haka zalunci ne a kan itatuwan ƙasarku." Gatarin da na ratso ƙasa biyu da shi aka kulle a kabad.

A maimakonsa aka ba ni wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a kan doguwar sanda, suna ce masa sonki. Da shi ake ɗaga ɓawon reshe kaɗai, a ja shi a hankali, faɗin yatsa biyu, tsawon kamar taƙi, ba a taɓa naman itacen ba. Gindi kuwa ba a zuwa kusa da shi. Ba a tsaga ƙaramar bishiya, ba a tsaga mai ciwo, ba a tsagawa sai ruwa ya ɗauke ganye ya fara zuba, kuma reshen da aka taɓa bana sai a bar shi ya warke a koma wani. Har yanke reshe, abin da na yi shekara ashirin ina yi, ashe yana da wuri: ba a barin kututture ya ruɓe, ba a kuma shafe shi har jikin uwar. Duk abin da Doktora ta ce kada a yi, sai in ga kamar ta taɓa leƙowa Gashuwa ta gan ni ina yi.

Bayan sati uku aka ba kowane ɗalibi bishiya goma ya tsaga, ita ce jarrabawa. Don girmama ranar na sa babbar rigata ta salla. Baba Abdalla ya dube ni ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. A bishiya ta farko na miƙa sonki sama, ƙaya ta kama hannun rigar. Na juya in cire, ta kama baya. Na sunkuya, ta ɗauke hular. Cikin minti biyu na zama kamar shanya. Ɗalibai goma sha wani abu suna tsaye, Doktora tana riƙe da littafi tana kallon sama don kada ta yi dariya. Sai da na sulale daga cikin rigar na bar wa bishiyar, na ƙarasa sauran tara da 'yar shara.

Da na gama na tsaya jiran sakamako. Doktora ta ce ba ita ke ba da maki ba tukuna. A jira kwana arba'in. In ƙaro ya fito kuma reshe bai mutu ba, sannan a yi magana.

Kwana arba'in ɗin nan su suka fi duk tafiyar tsawo. Ina kwana a ɗakin Baba Abdalla, da safe in taya shi ban ruwa a wurin renon dashe, da rana in je in zauna gaban bishiyoyina goma ina kallon tsaga. Ba abin da ke fitowa. In gaishe su, in yi musu addu'a. Na rubuta wa Yagana wasiƙa uku, na rasa wanda zan ba. Wata rana na tarar da raƙumin wani makiyayi ya zura wuya yana kiwo a kan bishiyata ta shida. Na bi shi da sonki ina zaginsa da Hausa da Badanci, yaren garinmu, da ɗan Larabcin da na tsinta. Ya juyo ya bi ni. Baba Abdalla ya ce tunda yake bai taɓa ganin ɗalibin da ya zagaya gandun da sauri haka ba.

A cikin sati na biyar na ga wani ɗan abu yana ƙyalli a bakin tsagar bishiya ta uku, kamar ɗigon zuma. Na durƙusa a wurin na yi sujada, ƙaya ta soke ni a goshi, ban damu ba. Kafin kwanakin su cika bakwai sun fitar da ƙaro, dunƙule-dunƙule kamar ƙwan tantabara. Biyu sun yi shiru. Ta shida raƙumi ya gama da ita.

Saura tambayoyin baka. Baba Abdalla ne tafinta. Doktora ta yi tambaya, ya juya mini: me za ka yi in ka ga reshe yana fitar da gari kamar na katako? Na ce tsutsa ce a ciki, a yanke reshen a ƙone. Kalma takwas ko tara. Baba ya juya ya yi Larabci na kusan minti uku, yana ɗaga hannu, har da abin da na ji kamar aya. Tambaya ta biyu ma haka. A ta uku Doktora ta ajiye biro, ta dube shi, ta ce da Hausa tsaf, "Baba, bar shi ya faɗa da kansa."

Muka daskare. Ashe a unguwar Hausawa ta taso, tana ji sarai, magana ce ba ta cika yi ba. Wata biyu ke nan ina faɗa wa Baba ra'ayina a kanta a gabanta. Na fara tuno abubuwan da na ce ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Na ji duka. Har da ranar da ka ce na fi surukarka tsanani. Ci gaba."

Na amsa sauran da bakina. Bayan kwana biyu ta miƙo mini takarda, fara, ba ado, hatimi ɗaya. Ban karɓa ba sai da na sa mutum uku daban-daban suka karanta mini. Ta buɗe kabad ta ba ni gatarina, ta ce na itacen da ya riga ya mutu ne. Baba Abdalla ya raka ni tasha ya ba ni sonkinsa na kansa, wanda hannunsa ya cinye wa sanda. Ya ce, "In ka bi ta Nyala ka ce mata na yi abin da ta ce."

Na iso Gashuwa bayan wata biyar, na rame na yi baƙi. Washegari Alhaji Garba ya tara mutane a zaurensa, ya sa limamin unguwa ya karanta takardar da ƙarfi ya fassara. Aka yi ta kabbara kamar an ga wata. Muka ɗunguma zuwa gona, Alhaji a gaba, har ya sa an taho da buhuna.

Na bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina saran gatarina ne, baki buɗe, wasu tsutsa ta shiga. Na dawo na tsaya gabansa.

"To, Sale, daga ina za a fara?"

"Alhaji, ba za a fara ba."

"Kamar yaya?"

"Waɗannan ba mai taɓa su sai bayan shekara biyu. A cire matattun, a yanke masu tsutsa a ƙone, a kange gonar daga awaki. Sauran a bar su su warke."

Ya dube ni, ya dubi buhunan, ya dubi jama'a. "Wata biyar! Ƙasa biyu ka ratsa, ka je ka koyo a bari? Ai wannan ko ni na iya!"

"Alhaji, da ka iya da ba ka ɗauke ni ba tun farko."

Wani ya yi tari. Na ɗauka korata zai yi a wurin, kuma na san ba ni da wata gonar da zan nuna wa takardar. Sai ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya zuba kayansa a mota ɗaya. Ya raba gonar biyu. Gabas ya ba wasu masu gatari daga Machina, yamma ya bar mini in zauna in yi gadin abin da ya kira hutun bishiya. Shekara biyu ina zaune a inuwa ina korar awaki, masu wucewa a kan babur suna ɗaga mini hannu suna cewa, "Ɗan Sudan, ya aiki?"

A shekara ta uku gabas ta zama itacen girki. Yamma na tsaga ta da sonki, reshe-reshe, bayan ruwa ya ɗauke. Alhaji bai zo ba.

Wata safiya, kwana talatin da tsagawar, na shigo gona na hango farar riga a can tsakiya. Na lallaɓa. Alhaji ne shi kaɗai, ya yi ɗage, ya miƙa hannu cikin ƙaya ya ɓalle wani dunƙulen ƙaro mai girman ƙwan kaza, yana ɗaga shi a rana yana murmushi. Na yi gyaran murya. Ya yi wuf ya ɓoye hannun a baya.

Na ce, "Alhaji, bai gama bushewa ba. Saura kwana goma."

Ya dubi ƙasa. Attajirin da motocinsa ke zuwa har Legas, a cikin gonarsa, gaban bishiyarsa. Ya fito da hannun a hankali ya buɗe.

"Guda ɗaya ne, Malam Sale," ya ce. "In mayar?"